Muhawara: Mai cin abinci sau uku a rana yana da bakin yin ƙorafi?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Kwana biyu ba abin da ake yi a zauren nan sai kukan tsada: fetur, kuɗin makaranta, kuɗin wuta, kuɗin haya. Zan faɗi ra'ayina ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Duk wanda ke cikinmu yana da waya a hannu, ya iya karatu, ya ci abinci jiya, ya kuma san zai ci yau. Irin wannan mutumin ba shi da bakin ƙorafi. Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 ne ke rayuwa a kan abin da bai kai dala 3 ba a rana. Ku dubi Sudan: tun daga 15 ga Afrilu 2023 sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu, kuma a Agustan 2024 aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam. Ku dubi Gaza. Mu kuwa muna kwana a ɗakunanmu, 'ya'yanmu na gabanmu. Wannan yawan ƙorafi butulci ne ga ni'imar Allah. Wanda ya raina kaɗan ɓarawo ne.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Yaya, ka ɗora mana kaya mai nauyi da sassafe. Ba wanda ya daina cewa alhamdulillahi a zauren nan. Amma zo mu yi lissafi tare. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma kai ma ka san akwai malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi da har yanzu labarinsa kawai suke ji. A ce mutum ya samu cif. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, su shida ke nan. Raba 70,000 gida shida, ka sake raba ta gida talatin. Kowa bai samu naira 400 ba a rana. Da ita za a ci, a yi magani, a hau mota, a sayi littafi da takalmi. Mutumin nan yana da waya, ya iya karatu, don haka a ma'auninka ya fita daga sahun masu bakin magana. Ni kuwa ina ganin yana tsakiyar mutanen da ka ce mu duba.

Baban Khalifa: Ƙanwata, ko shi ɗin ai bom ba ya faɗa masa a ka.

Maman Hanifa: A Zurmi da Birnin Gwari da Sabon Birni kuma me ke faɗa wa mutane? Akwai manoman da sai sun biya 'yan bindiga kuɗi kafin su girbe abin da suka shuka da hannunsu. Ba sai mun ƙetara Sudan ba.

Injiniya: Bari in gyara abu ɗaya kafin a yi nisa. Dala 3 ɗin da Bankin Duniya ke magana ba ta canjin 'yan Wapa ba ce. Ana auna ta ne da abin da kuɗi ke iya saya a kowace ƙasa, kuma a Yunin 2025 aka ɗaga ta daga dala 2.15. Amma ko ta yaya aka auna, lissafin Maman Hanifa yana nan. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 cewa 'yan Najeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa: abinci, ruwa, makaranta, asibiti, makamashin girki. Sakkwato ta kai kashi 91, Ondo kuwa 27. Tun kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ke nan. Waɗanda Alhaji yake cewa mu leƙa can nesa mu gani, da yawansu suna bayan katangarmu.

Alaramma: Salamu alaikum. Maganar Alhaji tana da asali, kada a yi saurin watsi da ita. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, cewa Annabi (SAW) ya umarce mu da mu dubi wanda ke ƙasa da mu, kada mu dubi wanda ke sama da mu, domin hakan ya fi hana mu raina ni'imar Allah. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne. A Suratu Ibrahim, aya ta 7, Allah ya yi alkawarin ƙari ga masu godiya. Zuciyar da kullum idonta na kan motar maƙwabci ba za ta taɓa hutawa ba, ko da an ba ta Abuja gaba ɗaya. Wannan magani ne, kuma mu duka muna buƙatarsa.

Baban Khalifa: Allah ya gafarta Malam. Abin da nake faɗa ke nan.

Alaramma: Tsaya Alhaji, ban ƙare ba. Zan dawo bayan na saurari sauran.

Anti Nas: Ni zan goyi bayan Baban Khalifa a wani ɓangare, sai dai inda maganar ta kai ni daban ne da inda ta kai shi. Na yi aikin ungozoma a ɗakin haihuwa a gida kafin in zo Ingila. Hannun nan biyu ne, karatun nan ne. A can ina karɓar haihuwa da fitilar waya in an ɗauke wuta, mace na zubar da jini ana neman mijinta ya je ya samo wanda zai ba da jini, ya sayo safar hannu da ruwan ƙari a kyamis. A nan ina danna maɓalli ɗaya, kafin in juya likitoci sun cika ɗakin, jini na firji yana jira. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna a Najeriya kusan mace 1,000 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, a Norway kuwa ba su kai 5 ba. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Matsakaicin tsawon rai a wajenmu shekara hamsin da 'yan kai, a Japan ya wuce 80.

Me jaririn da aka haifa a Oslo ya yi da ya fi na Gwadabawa? Babu. Bai yi karatu ba, bai yi sammako ba, bai yi tattali ba. Masanin tattalin arziki Branko Milanovic ya nuna cewa fiye da rabin bambancin kuɗin shiga tsakanin mutanen duniya, ƙasar da mutum yake zaune a cikinta ce ke bayyana shi. Albashina ya ninka sau da yawa ranar da na sauka daga jirgi, alhali ban ƙara sanin komai ba a cikin jirgin. Shi ya sa duk wanda ya ce mini ƙoƙarina ne ya kawo ni nan, nakan tuna abokan aikina da suka fi ni iya aiki nesa ba kusa ba, suna can suna bin bashin albashi. Ina godiya, wallahi kullum ina yi. Amma godiyar ba ta bar ni na yi barci mai daɗi ba, domin da kuɗin talakan Najeriya aka koyar da ni, matan Ingila kuma ke amfana. Ministan lafiya na Najeriya da kansa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar a 'yan shekarun nan.

Baban Khalifa: To Anti, kin ga ke kin gane sa'arki. Da kowa zai gane tasa kamar haka, da an huta.

Anti Nas: Na gane tawa, shi ya sa ba zan iya buɗe baki in ce wa Maman Hanifa ta yi shiru ba. Wanda ya ƙoshi ba shi ne zai yanke wa mai jin yunwa yawan kukan da ya halatta ya yi ba.

Ɗan Maradi: Ina gaida manya. Ni inda nake da ja shi ne yadda ake ta cewa sa'a, sa'a, kamar daga sama aka jefo wa wasu arziki aka jefo wa wasu talauci. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Kamfanin Faransa, wanda aka sani da Areva, daga baya Orano, ya yi shekara hamsin da wani abu yana kwasa. Kusan kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga nukiliya take, kuma yuraniyom ɗin Nijar na cikin abin da ya kunna ta. A Nijar kuwa, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki. A da, mafi yawan wadda muke samu ma daga Najeriya take zuwa, shi ya sa da aka yanke ta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, Yamai da Maradi da Damagaram suka shiga duhu. Da aka rufe mahaƙar Akokan a 2021, tulin dattin ma'adinin aka bar wa mutanen garin.

Kuma ku tuna Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kantche. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Ba Turai za su ba, Aljeriya kawai suka nufa neman abin sakawa a baki. Ta yankin Arlit suka bi, ta kan ƙasar da ake fitar da wannan arziki. Idan na ce alhamdulillahi ba ni cikinsu, na faɗi gaskiya. Idan na tsaya a nan, na taimaka an rufe maganar yadda aka yi suka shiga motar.

Injiniya: Ɗan'uwa na Maradi, ban musa ko ɗaya ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya riƙa sa hannu a kwangilolin? Mu ɗauki namu. An samu mai a Oloibiri a 1956. Norway ba ta samu nata ba sai 1969. Suka kafa asusun ajiya a 1990, suka fara zuba kuɗi a 1996, yau abin da ke ciki ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi. Mu ma mun buɗe asusun rarar mai a 2004, ya kai kusan dala biliyan 20 a 2008, daga baya aka wayi gari abin da ya rage bai kai dala miliyan ɗaya ba. Bature ne ya zo ya kwashe? Kuɗin da aka dawo da su na zamanin Abacha kaɗai, Suwizalan ta maido sama da dala miliyan 320 a kashi ɗaya, tsibirin Jersey sama da miliyan 300 a 2020. Botswana ta zauna da De Beers ta karɓi rabin kamfanin lu'ulu'unta, ta gina makarantu da asibitoci. Sin ta fitar da mutum kusan miliyan 800 daga matsanancin talauci cikin shekara arba'in. Ba da kuka da Turawa suka yi ba. Ni fushina na gida ne.

Ɗan Maradi: Injiniya, kuɗin da ka ambata a wane banki suka kwana shekara da shekaru? A Gaya ne ko a Zurich? Ɓarawo namu ne, na yarda, amma mai ajiye masa kaya ya san na sata ne. Sa'annan kwatanta Norway da Najeriya akwai gyara: su ba su kai miliyan 6 ba, suna haƙo kusan ganga miliyan 2 a rana. Ku kun haura miliyan 200, abin da kuke haƙowa bai kai nasu ba. Ko ba a saci ko kwabo ba, ba za ku zama Norway ba.

Injiniya: Ba mu nemi zama Norway ba. Mun nemi a gyara madatsar Alau kafin ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumban 2024, bayan an daɗe ana kokawa da lalacewarta. Wannan bai buƙaci izinin Faransa ba.

Ɗan Maradi: Ruwan da ya cika ta fa? Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. A taron Sharm el-Sheikh na shekarar aka amince da asusun biyan diyya ga ƙasashe irin namu. Je ka tambayi manomin Hadeja ko ya ga wani abu.

Ɗan Zango: Gaisuwa daga Kumasi. Ku biyun kuna da gaskiya, kuma mu nan mun ɗanɗani kowanne. Kullum ana yi mana gori da Koriya ta Kudu, wai wajen 1960 kuɗin shigarmu kusan ɗaya ne da nasu. Haka ne. Amma su sun raba filayen noma ga manoma, sun zuba yara a makaranta, Amurka kuma ta zuba musu tallafi ta buɗe musu kasuwarta saboda yaƙin cacar baka. Mu kuwa har yau ɗanyen koko muke sayarwa. Ghana da Kwaddibuwa ke noma fiye da rabin kokon duniya, amma abin da ke isa hannun manomi daga kuɗin cakulan bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Na san manoman da suka tsufa a gonar koko ba su taɓa sayen cakulan ba. A ɗaya gefen kuma, bashin da gwamnatinmu ta ciwo har ta kasa biya a Disambar 2022, hauhawar farashi ta haura kashi 50, aka taɓa ajiyar tsofaffi, wannan aikin hannunmu ne. Abin da ban yarda da shi ba kawai shi ne a ce wa manomin nan ya dubi Sudan ya yi shiru.

Autan Zaure: Iyayena da yayyena, ni ne ƙarami, a yi mini afuwa. Na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, yanzu POS nake yi a bakin titi. Na samu gurbin karatu a Turai, na biya yuro 90 kuɗin biza, ban da na takardu da na mota zuwa Abuja. Aka hana ni, kuma kuɗin ba a mayarwa. Mai fasfo ɗin Singafo yana shiga ƙasashe wajen 190 ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba, namu bai kai 50 ba. Baba Alhaji, in na faɗi wannan na yi butulci? Na san na fi almajirin da ke zuwa neman sadaka a rumfata. Ina ba shi abin da ya sawwaƙa. Amma sanin hakan bai biya mini haya ba, kuma shi ma bai sa shi a makaranta ba.

Baban Khalifa: Ɗana, Allah ya buɗa maka. Ni ma da tallan yadi a ka na fara a Kantin Kwari, ba gado na ci ba. Abin da nake tsoro shi ne wannan lissafi na wane ya fi mu, wane ya cuce mu, yana kashe zuciyar matasa. Yaro ya zauna yana ƙirga ƙasashen da fasfo ɗinsa ba ya shiga, har ya raina sana'ar da ke hannunsa, gobe ka ji ya bi hanyar Agadez zuwa Libiya. Na ga waɗanda suka sayar da shago suka tafi, har yau iyayensu ba su san ko suna raye ba. Da sun gode wa shagon, da suna nan.

Ɗan Mai Wurno: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma tunda da ƙasarmu aka buɗe maganar, bari in ce wani abu. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Ni a Umdurman nake da shago lokacin da yaƙi ya tashi. Muka gudu Wad Madani, a Disambar 2023 dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan suka shiga can ma, muka sake gudu.

Alhaji, abin da ka faɗa game da aminci gaskiya ne, kuma ba wanda zai san nauyinsa sai wanda ya rasa shi. Kafin yaƙi mu ma kullum kukan tsadar burodi da layin mai muke yi. Yau da za a mayar mini da waccan rayuwar da layinta da tsadarta, da na karɓa hannu biyu. Don haka ku riƙe zaman lafiyar da ta rage muku da kyau, kada wani ya zuga ku ku ƙona garinku.

Amma ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka mai da mu abin da za ka riƙa nuna wa mutane don su yi shiru. Mu ba wa'azi ba ne, mutane ne. Idan ka tuna da mu ka ji daɗin halin da kake ciki, ka rufe waya ka ci tuwonka, mu ba abin da ya same mu. Matasan unguwanni da ke dafa abinci a tukunyar taimako, wadda muke kira takiyya, su suka riƙe rayukan mutane a Khartum, kuma da kuɗin da 'yan'uwa ke turowa daga waje suke sayen wake da gero. Wanda ya tuna da mu ya tura musu. Sa'annan ka sani, ba yawan ƙorafin talaka ne ya rusa Sudan ba. Janar biyu ne da suka kasa raba mulki da zinariya, da ƙasashen da ke ba su makamai.

Baban Khalifa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya, ya jiƙan waɗanda aka rasa. Ka turo mini hanyar da ake aika wa masu tukunyar nan ta gefe, zan yi abin da Allah ya hore.

Alaramma: Amin. Yanzu zan ƙarasa. Hadisin duban na ƙasa, mutum kansa yake yi wa magani da shi. Ban san inda aka ce mai ƙoshi ya ɗauke shi ya toshe bakin mai jin yunwa da shi ba. Godiya tsakaninka da Ubangijinka take, neman haƙƙi kuwa tsakaninka da wanda ya riƙe maka shi, kuma ɗaya ba ya ɓata ɗaya. Kai ƙarar azzalumi ba ƙorafi da hukuncin Allah ba ne. A Suratun Nisa'i, aya ta 148, an yi wa wanda aka zalunta izinin ɗaga murya. Allah ya faɗa a Suratun Nahli cewa ya fifita wasu a kan wasu a arziki, haka ne. Shi ne kuma ya faɗa a Suratuz Zariyat cewa a cikin dukiyar masu taƙawa akwai haƙƙin mai roƙo da wanda ya rasa, ya kuma faɗa a Suratul Hashri cewa kada dukiya ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kaɗai.

A shekarar yunwa ta zamanin Sayyidina Umar, wadda ake kira shekarar toka, bai hau mumbari ya ce wa mutane su dubi waɗanda suka fi su wahala ba. Ya haramta wa kansa nama da man shanu har sai jama'a sun samu, ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, ya sa aka kafa tukwane a Madina. Shugaban da ya ce wa talaka ya yi haƙuri, sai a duba teburinsa tukuna.

Injiniya: Ga adadin da ya dace da ayar da Malam ya kawo. Rahoton rashin daidaito na duniya na 2022 ya nuna kashi 10 cikin ɗari na mutanen duniya ke riƙe da kashi 76 na dukiya, rabin mutanen duniya na ƙasa kuwa kashi 2 suke rabawa.

Maman Hanifa: Yaya, tunda kowa ya faɗi na Faransa da na Abuja, bari mu shigo gida, kuma ba kai kaɗai nake nufi ba, har da ni. Yaran shagonka nawa kake biyansu? Yarinyar da ke yi wa yawancinmu wanke-wanke da shara, wadda aka kawo daga ƙauye tana 'yar shekara goma sha ɗaya, nawa ake ba uwarta a wata, kuma wace makaranta take zuwa lokacin da namu ke tafiya da jaka da kwalbar ruwa? Maigadin da ke kwana a ƙofa cikin sanyin hunturu fa? Abin da Anti Nas ta faɗa game da Oslo da Gwadabawa, shi ne tsakanin ɗakin 'ya'yanmu da kicin ɗinmu. Ita ma yarinyar ba ta zaɓi gidan da aka haife ta ba. Kuma in ta yi ƙorafi, me muke ce mata? Ki gode Allah kina cin shinkafa, 'yan ƙauyenku ko gero ba su samu ba.

Baban Khalifa: Yarana na shago ina ba su kuɗin abinci da na mota kullum, ina yi musu ɗinkin salla, in ɗayansu ya yi shekaru yana da amana in sallame shi da jari. Haka aka yi mini, haka ake yi a kasuwa tun kafin a haife mu, kuma mutane da yawa sun zama masu kansu ta wannan hanya. Ba zan yarda a ce zalunci ba ne. Game da maganata ta farko kuwa, na ji Malam, ban hana kowa neman haƙƙinsa ba. Amma ina nan a kan cewa yawancinmu a zauren nan mun fi kusa da masu ƙoshi fiye da yadda muke nunawa, kuma mai AC a ɗaki ya rage kiran kansa talaka.

Anti Nas: A kan wannan na ƙarshen ina tare da kai ɗari bisa ɗari.

Maman Hanifa: Ni ma, ai shi ya sa na yi tambayar. Sai dai ba ka amsa rabinta ba, Yaya. Sallama da jari al'ada ce mai kyau, amma ba a rubuce take ba, kuma ka san yara nawa aka kora da zargin sata ana saura kaɗan lokacin sallamarsu ya yi. Ban ce kai kana yi ba. Ina cewa yaron ba shi da abin riƙewa sai kirkin maigidansa. Ka rubuta musu yarjejeniya, shekara kaza, jari kaza, shaidu biyu su sa hannu. Tawa yarinyar na yi magana da uwarta, na sa ta a aji uku a makarantar da nake koyarwa, aikin gida sai bayan an tashi. Sauran masu 'yan aiki a zauren nan, kuma mun fi goma, ina jiran in ji ta bakinku.